Daga Ladan Mai Kwafi Zuwa Katin Waya: Tarihin Farashin Littafin Hausa

Tun kafin a girke injin ɗab'i a Zariya, littafi yana zirga-zirga tsakanin Kano da arewacin ƙasar da ake kira Togo a yau, kuma hanyar goro ce ta riƙa ɗaukarsa. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Katsina, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu, ya yada zango a ƙasar Kotokoli inda Sokode take yanzu, sannan ya nufi Salga a ƙasar Gwanja. Akwai kuma hanyar arewa, wadda ke bi ta ƙasar Gurma ta faɗo Sansanin Mango, kudu da Dapaong. Ayari ba ya rasa madugu, ba ya kuma rasa malami da gafakarsa. Unguwar Didawure ta Sokode, unguwar 'yan kasuwa Musulmi, da irin waɗannan baƙi ta kafu, kuma da su karatun allo da littattafan fiƙihu suka zauna a wurin.

A wancan zamani farashin littafi abu ne da ido ke gani. Akwai kuɗin takarda, wadda galibi daga Italiya take fitowa ta ƙetaro Sahara, akwai tawada, akwai fatar da za a yi wa littafin gafaka, sannan akwai ladan mai kwafi da zai yi makonni ko watanni a duƙe. Mawallafin kansa ba ya cikin lissafin. Rabonsa shi ne addu'ar da mai kwafi zai rubuta masa a shafin ƙarshe. Alhaji Umaru na Salga, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya ƙare rayuwarsa a Kete Karaci a 1934, garin da ke cikin Togo ta Jamusawa lokacin da ya sauka a can. Waƙoƙinsa na Larabci da na Hausa, har da Waƙar Talauci da Wadata, sun bazu daga zango zuwa zango ta hannun almajirai masu aro su kwafa. Wanda ya kwafi littafin malami ya ba wani, aikin lada ya yi, kuma malamin murna zai yi idan ya ji. Wannan tsohuwar fahimta ba ta mutu ba. Duk wanda ke son gane rigimar da ake yi yau a zaurukan WhatsApp kan fitar da littafin kuɗi, daga nan ya kamata ya faro.

Mulkin mallaka ya raba wannan hanya gida biyu. Jamusawa sun rasa Togo a 1914, aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa. Kete Karaci ta faɗa hannun Ingila, daga baya ta shige Ghana. Sokode da Mango da Dapaong suka zama na Faransa, makarantunsu suka koma Faransanci. Saboda haka lokacin da adabin boko na Hausa ya tashi a Arewacin Najeriya, ya tashi ne a bayan wata iyaka, da kuɗin wata gwamnati, domin ɗaliban wasu makarantu.

An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, wanda ya shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, sai hukumar buga littattafai ta NORLA a shekarun yaƙi da jahilci, wadda aka rufe a 1959 don ba ta iya riƙe kanta ba. A 1966 aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya da haɗin gwiwar Macmillan. A duk tsawon wannan lokaci ofis ne ke yanke farashi, kuma babban mai saye shi ne makaranta. Littafin da ya shiga manhaja ya tsira, wanda bai shiga ba ya kwanta a sito. Marubuci kan miƙa rubutunsa, edita ya gyara, a buga, ya jira ɗan kasonsa na ciniki in shekara ta zagayo. Tsari ne mai tsafta, amma ƙofarsa ƙarama ce ƙwarai, kuma bai taɓa tunanin mai karatu na Sokode ba.

Abu biyu ne suka karya wannan tsari. Na farko shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya yaye dubban matasa, mata da maza, masu iya karanta Hausar boko. Na biyu tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 a zamanin Janar Babangida, da ya karya darajar naira. Takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka riƙa durƙushewa, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka riƙe littattafan makaranta kawai. Ga masu karatu sun yi yawa, ga masu bugawa sun rufe ƙofa. Gasar NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 ta riga ta nuna irin labarin da matasa ke ƙishirwa, amma babu kamfanin da ya bi sawu.

Sai marubuta suka shiga kasuwa da kansu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Ƙungiyar Raina Kama ta haɗa wasu daga cikinsu suna tallafa wa juna wajen bugu da talla. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, ya soke shi, Abdalla Uba Adamu ya kare shi, aka daɗe ana fafatawa a jaridu. Amma abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne yadda kuɗi ke juyawa a cikin harkar, domin a nan ne aka ƙirƙiro dabarun da marubutan waya ke amfani da su yau.

Marubuci kan rubuta labarinsa a littafin rubutu na 'yan makaranta, ya kai wa mai tafireta ko mai kwamfuta, a yi filet, a buga a ƙaramar maɗaba'a da takarda mafi araha, a manna bango mai hoto. Labari ɗaya ba a fitar da shi dunƙule. Sai a yanka shi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, kowane kashi siriri yadda kuɗinsa ba zai gagari budurwa ko matar aure ba, kuma a tsayar da kowane kashi a daidai inda ran mai karatu zai tashi. Kuɗin da na ɗaya ya kawo da shi ake buga na biyu. Marubucin da ba shi da jari kuwa sai ya nufi 'yan kasuwar littafi na Sabon Gari da kewayen Bata. Wani ɗan kasuwa ya saye labarin ɗungurungum, ya biya sau ɗaya, ya yi ta bugawa iya son ransa. Wani ya karɓi kwafe bashi, ya riƙa biya a gutsure. Marubuta da yawa sun yi kuka da wannan, kuma kukansu yana kan hanya, domin ba su da yadda za su san kwafe nawa aka sake bugawa a bayan idonsu. Sai dai a faɗi gaskiya, ɗan kasuwar nan shi ne ya ɗauki kasadar takarda, shi ne ya san dillalin Gusau da na Maraɗi da na Damagaram, shi ne ke ɗaure kaya ya ɗora a mota. In ba don shi ba, da littafin bai bar Kano ba.

A ƙarshen layin kuma akwai mai haya. Ɗan tebur ne a bakin layi ko lungun unguwa, ya jera littattafai, ana ba shi 'yan canji a ɗauki littafi kwana ɗaya ko biyu. Matar da ke cikin kulle ta aiki ƙaninta ko ɗanta ya karɓo mata na biyu ya mayar da na ɗaya. Kwafi guda sai ya ratsa gidaje da dama kafin bangonsa ya yage, a ɗinke shi da zare a ci gaba. Marubuci ba ya samun ko sisi daga haya, amma kwafin yana tsufa, dole wata rana mai haya ya sayi sabo. Tsufan takarda shi ne ya riƙa kare marubuci ba tare da kowa ya lura ba.

Can yamma kuwa, a zangunan Ghana da Togo, littafin soyayya bai taɓa samun ƙafa kamar kaset ɗin wa'azi da faifan fim ɗin Hausa ba. Dalili a bayyane yake. Mutumin zangon Sokode ko na Dapaong yana jin Hausa, yana ciniki da ita, yana sauraren sashen Hausa na BBC da na Muryar Jamus, amma karatunsa na boko da Faransanci ya yi shi, na addini kuma da Larabci. Littafin da ya kai can, a cikin kayan wani ɗan kasuwa ya je, ya ƙetare iyakar Najeriya da ta Benin, kowace iyaka da nata kashe-kashen kuɗi, kuma ba lallai na biyu ya biyo na ɗaya ba.

Kasuwar takarda ta fara rauni tun kafin waya ta yi ƙarfi. Fim ya janye manyan marubuta da dama tun daga tsakiyar shekarun 1990, ya kuma janye masu jari. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a bainar jama'a, daga bisani hukumar tacewa a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba rubutunsu kafin bugu. A Maris na 2016 gobara ta cinye babban sashe na kasuwar Sabon Gari. Wayar salula kuwa ta shigo Najeriya a 2001, bayan shekara goma sai ga ta da intanet a hannun 'yan makaranta.

A daidai wannan lokaci ake tafka rikicin farashin littafin lantarki a Amurka, kuma yana da kyau a san shi don a ga bambanci. Amazon ta fito da na'urar Kindle a Nuwamban 2007, ta sa wa sababbin littattafan da ake rububi dala 9.99, sau da yawa ƙasa da abin da ita kanta ta biya kamfanonin ɗab'i. Kamfanonin suka tsorata cewa jama'a za su saba da wannan farashi, littafi mai kauri ya daina sayuwa, kantuna su mutu. Da Apple ta zo da iPad a 2010, manyan kamfanoni biyar, wato Hachette da HarperCollins da Macmillan da Penguin da Simon & Schuster, suka ƙulla da ita cewa su za su riƙa yanke farashi, ita ta ɗauki kashi 30 cikin 100. Farashi ya tashi. Gwamnatin Amurka ta kai ƙara a 2012, kotu ta sami Apple da laifin haɗa baki a 2013, a ƙarshe ta biya dala miliyan 450. Kafin nan, a 2011, babban kamfanin kantunan littafi na Borders ya rushe. Faransa ta bi wata hanya daban. Tun 1981 take da dokar da ta ce kamfanin ɗab'i ne ke sa farashi ɗaya ga kowane kanti, a 2011 kuma ta faɗaɗa dokar ta haɗa da littafin lantarki.

A can manya ne ke faɗa da manya, akwai kotu, akwai doka, akwai katin banki a aljihun mai saye. A ƙasar Hausa babu kamfanin ɗab'in da zai yi faɗa a madadin marubuciyar labarin soyayya, domin tun 1986 suka bar mata filin. Saboda haka da waya ta zo, ba ta tarar da farashin da za ta karya ba sai na ɗan kasuwar Sabon Gari da na mai haya.

Da farko ma kyauta aka fara. Masu sha'awa suka riƙa ɗaukar tsofaffin littattafan da aka buga suna sake rubuta su shafi-shafi a Facebook da shafukan intanet, galibi ba da izinin masu su ba, kuma a ransu taimako suke yi. Daga nan sababbin marubuta suka taso waɗanda ba su taɓa shiga maɗaba'a ba, akasarinsu mata, suna rubutu da babban yatsa a waya, suna sakin shafi ɗaya ko biyu kullum a zaurukan WhatsApp da manhajar Wattpad. Ladansu shi ne sharhi da yabo da addu'a. Aka kafa ƙungiyoyin marubutan intanet barkatai, kowace da tambarinta a saman shafi. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata ta nuna yawan hannayen da ke rubutu a ɗaka. Amma rubutu yana cin data, yana cin caji, yana cin lokacin girki da na barci, kuma ba a daɗe ba marubutan da suka yi suna suka fara cewa a biya.

Ga yadda cinikin yake a yau. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, goma ko ashirin, su zagaya ko'ina. A daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta tsaya, ta sa sanarwa: daga nan littafin kuɗi ne. Ta rubuta lambar asusun banki, ta rubuta lambar wayar da za a tura shaidar biya. Wadda ba ta da asusu ta sayi katin waya ta ɗauki hotonsa ta tura, marubuciya ta loda ko ta sayar da shi da ragi. Da an ga shaida sai a jefa mai biya cikin rufaffen zaure inda ake sakin ci gaba. Farashin ya daɗe yana yawo tsakanin N200 da N300, daga baya ya koma N500 zuwa N1,000, kuma wasu kan buɗe zaure na musamman mai tsada ga masu son a riƙa ba su shafuka da yawa ko a tura musu kai tsaye. Wasu marubutan sun haɗa kai suna sayar da littattafansu a dunƙule, kamar yadda Zafafa Biyar suka yi suna: wanda ya sayi biyar ɗin gaba ɗaya ya fi samun sauƙi a kan mai sayen ɗaya. A tsakiyar shafuka kuma ana saka tallan turaren wuta da atamfa da kayan mata, mai kaya ta biya marubuciya. Wanda ya san kasuwar Sabon Gari zai gane tsohuwar dabarar na ɗaya da na biyu ce ta sake riga.

A ƙaddara mutum 300 sun biya N500. Kuɗin ya kama N150,000, ba takarda, ba filet, ba dillali, ba bashi. Marubutan 1990 kaɗan ne suka taɓa riƙe ribar littafinsu kai tsaye haka, kuma ina ganin wannan ci gaba ne na gaske, musamman ga macen da ba ta fita kasuwa. Amma a cikin mutum 300 ɗin nan mutum ɗaya ya isa ya kwashe shafin da aka saki da safe ya watsa shi a wasu zauruka kafin azahar. Akwai masu tara shafukan su haɗa su fayil guda su ɗora a shafukansu na intanet suna cin kuɗin talla. Akwai masu karanta littafin da murya su sa a YouTube, wasu da yardar mai shi, wasu ba ko sallama. Kwafin waya ba ya yagewa, ba ya tsufa, ba ya buƙatar a sayi sabo. Shi ya sa kusan kowane littafin kuɗi ke buɗewa da roƙo da gargaɗi, wani lokaci har da Allah ya isa ga duk wadda ta karanta ba ta biya ba ko ta fitar. Dokar haƙƙin mallaka tana nan a rubuce, amma marubuciyar da ke cikin gida a Funtuwa ba za ta kai ƙarar lambar waya kotu ba. Abin da ya rage mata shi ne tsoron Allah na mai karatu. Ita kuma mai turawa sau da yawa ba ta jin ta yi sata, tana jin ta yi wa 'yar'uwarta alheri ne, kamar yadda almajirin da ya kwafi littafin malami yake ji. Bambancin shi ne malamin yana da gona da almajirai da sadakar gari, ita kuwa wannan N500 ɗin ce sana'arta.

An gwada gina kanti na zamani a tsakani. Okechukwu Ofili ya kafa Okadabooks a 2013, manhajar da ta riƙa ba marubuci kashi 70 cikin 100 na ciniki, ta kuma kulle littafi a cikinta yadda ba a iya tura shi. Marubutan Hausa sun shige ta sosai. A ƙarshen Nuwamban 2023 ta rufe, a shekarar da aka saki naira ta faɗi warwas, alhali kuɗin ajiyar bayanai a intanet da dala ake biya. Manhajar ArewaBooks, wadda aka gina domin littattafan Hausa, tana kan irin wannan aiki, kuma marubuta da yawa yanzu suna raba ƙafa, suna sayarwa a can suna kuma riƙe da zaurensu. Ita Wattpad, da aka kafa a Kanada a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye ta a 2021 kan kuɗi kusan dala miliyan 600. Cikin abin da ya ba ta wannan daraja akwai ɗimbin labaran da aka zuba mata kyauta, har da na Hausa.

Ga mai karatu na Sokode da Dapaong, waya ta yi abin da jirgin ƙasa da mota ba su yi ba. Shafin da aka saki a Kano yana isa Dapaong, kusa da iyakar Burkina Faso, a cikin minti guda, ba kwastan, ba jiran na biyu. Wanda ya yi makarantar Faransanci haruffan ba baƙi ba ne a wurinsa, da ɗan sabo sai ya kama karatun Hausa. Wadda ba ta iya karatun ba kuma ga littafin murya, ta sa a kunne tana aikinta. Ta fuskar kuɗi ma abin ya zo musu da sauƙi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa ta yi ta zubewa. A 2014 naira ɗaya ta kai kusan sefa 3, a 2024 sefa ɗaya ta haura naira 2. Littafin N500 bai fi sefa 200 da 'yan kai ba.

Matsalar ita ce ta ina kuɗin zai bi. A Togo da irin su Flooz ake hada-hadar kuɗi ta waya. Katin wayar Togo ba ya shiga layin Najeriya, kuma tura sefa 200 zuwa asusun banki a Kano ba abu ne da ake yi cikin sauƙi ba. Marubuta sun daɗe da gane masu karatunsu na Nijar, shi ya sa za ka ga an ware musu lamba ta daban da farashi a sefa, wata wakiliya a Maraɗi ko Yamai tana karɓa. Ba kasafai ake ganin irin wannan layi domin Togo ba. Mai niyyar biya sai ta nemi ɗan canji ko direba ko ɗan'uwa mai asusu a Najeriya, a kan kuɗin da bai kai na hawa babur ba. Mafi yawa za su jira wanda aka fitar, kuma ban ga laifin da za a ɗora musu su kaɗai ba. An ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka mai suna PAPSS a Accra a Janairun 2022, amma har yanzu bai sauko kan irin wannan ƙaramin ciniki ba. Ƙungiyar marubutan da za ta naɗa amintacciyar wakiliya ɗaya a Sokode, mai lambar Flooz, za ta yi abin da manyan bankuna ba su yi ba tukuna.

Akwai kuma raunin da takarda ba ta da shi. Zanga-zangar da ta tashi a Togo ranar 19 ga Agustan 2017, wadda Sokode ta kasance cibiyarta, ta sa gwamnati ta katse intanet a watan Satumba, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka a hukuncinta na 2020. Ranar da aka rufe layi, duk littafin da ba a sauke a waya ba ya tafi hutu.

Masu kantin littafi su ne suka fi shan kashi, kuma ba a cika jin muryarsu ba. Mai haya ya kusa ɓacewa daga unguwanni. 'Yan kasuwar da a da suke rububin sabon labari sun koma littattafan makaranta da na addini da kayan rubutu, wasu sun koma sayar da kayan waya. Littafin addini ya fi jurewa, domin almajiri yana son Ahalari da Ishmawi da Risala a hannunsa, ya yi musu alama a gefe a gaban malami, shi ya sa rumfunan kasuwar Kurmi da teburan bakin masallatai, har na Sokode, ba su mutu ba, duk da cewa su ma ana samun littattafan kyauta a waya. Labarin da aka buga a takarda yanzu ya zama kayan marmari: kwafe kaɗan, bango mai kyau, farashin dubbai, a sayar a wajen ƙaddamarwa ko a kai wa makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne ayyuka biyu da suka faɗi a tsakani ba wanda ya ɗauka. Na farko gyara. A zamanin Zariya akwai edita, a zamanin Sabon Gari akwai aƙalla mai buga rubutu da abokan ƙungiya da za su duba. Yanzu shafi yana fita daga yatsa zuwa idon dubban mutane a cikin dare ɗaya, ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, ba raba kalma, kuma yaran da ke koyon rubutun Hausa daga waɗannan shafuka, musamman na wajen Najeriya da ba su taɓa yin darasin Hausa a aji ba, wannan suke ɗauka ƙa'ida. Farashin N500 bai bar gurbin ladan mai gyara ba, kuma masu karatu ba su saba neman a gyara ba.

Na biyu ajiya. Littattafan kasuwar Kano, duk da raina su da aka yi, an iya tattara su. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da kundi a 2004 da ya lissafa sama da 700 da aka buga tsakanin 1987 da 2002, kuma ana iya zuwa a taɓa su a ɗakunan karatu. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi a Najeriya ya ajiye kwafi 3. Littafin zauren WhatsApp ba shi da lambar rajista, ba shi da shekarar bugu, wani ma sunan marubuciyarsa laƙabi ne kawai. In wayarta ta faɗa ruwa ko aka sace, ko manhajar da ta ɗora shi ta rufe kamar Okadabooks, sau da yawa cikakken kwafin da ya rage yana hannun waɗanda suka ɗauka ba izini. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo suna da ɗalibai masu nazarin waɗannan littattafai, kuma su ne suka fi cancanta su buɗe rumbun da marubuciya za ta ajiye kwafinta da sunanta da ranar da ta kammala, a rufe shi har sai ta gama cinikinta.